KARATUN KIƊA GA SABABBIN ƳAN BADUJALA: KUNNE A GABA, IDO A BAYA

A cikin watan Yuni na shekarar 2023 Majalisar Dokokin Nijar ta amince da sabon taken ƙasa mai suna "L'Honneur de la Patrie", ya maye gurbin "La Nigérienne" wanda ake busawa tun 1961. Canjin take ba ƙaramin aiki ba ne ga masu busa. Tsohon ya shekara 62 a bakin ƙaho, babba yana koya wa ƙarami, har ya zamana ko daga barci aka ta da mabushi zai iya busa shi. Sabon kuwa ba wanda ya gaje shi wurin kowa. Ga shi kuma wajibi ne yadda aka busa shi a Yamai haka za a busa shi a Difa da Agadas da Damagaram, ba ƙari ba ragi. Abin da ke ɗaukar kiɗa daga wannan gari ya kai shi wancan bai zube a hanya ba, shi ne takarda.

Mabushin da ya iya karatun kiɗa, da an miƙa masa takarda ya sami malami. Wanda bai iya ba kuwa sai ya zauna jiran wani ya busa masa ya kwaikwaya, in wancan ya yi kuskure shi ma ya kwashe har da kuskuren. Saboda haka ya kamata shugabannin lakkwal, da na gidajen matasa, da duk mai kula da ƙungiyar badujala, wadda ake kira fanfar, su san yadda ake koya wa sabon shiga wannan karatu. Akwai hanya mai ɓullewa, akwai kuma wadda ke sa yaro ya ajiye ƙaho tun wata bai cika ba.

Abin da ya sa kunne kaɗai bai isa ba

Wani zai ce makaɗanmu na gargajiya ba su taɓa riƙe takarda ba, amma ga kiɗa nan yana tashi har ya motsa sarakuna. Gaskiya ne. Amma a duba yadda suke koyo. Ɗan makaɗi yana buɗe ido cikin kiɗa, yana bin ubansa gidan biki da ƙofar fada, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, ya yi wasu yana amshi, kafin a bar shi ya ja gaba. Ƙungiyar ba ta da yawa, kuma uban kiɗin yana tsaye a tsakiya, kowa yana jin sa.

Badujala dabam take. Mutum talatin ko arba'in ne ke busa tare, kuma ba abu ɗaya suke busawa ba. Wasu ke riƙe da muryar waƙar, wasu suna yi mata rakiya daga ƙasa, mai babban ƙahon nan na bas kuwa yana iya gama waƙa bai busa muryarta ko sau ɗaya ba. Wani sai ya yi shiru na tsawon bugu goma sha shida, sa'an nan ya shigo daidai wurin da aka ajiye masa. Ban da haka, ɗan lakkwal ba shi da shekarun da ɗan makaɗi ke da su. Shekara uku ko huɗu zai yi a ƙungiya ya wuce, wani ya zo.

Wannan matsala ta ƙarancin lokaci ita ce ta haifi rubutun kiɗa irin wanda ake amfani da shi yau. Wajen shekarar 1025 wani malamin coci na ƙasar Italiya, Gido na garin Arezzo, ya ga mawaƙa suna shafe shekara goma suna hardace waƙoƙi da ka. Sai ya tsara layuka, ya ɗora alamomin sauti a kansu da tsakaninsu, ya kuma ba sautuka shida sunaye: ut, re, mi, fa, sol, la. Shi da kansa ya rubuta cewa da wannan dabara aikin shekara goma ya koma na shekara ɗaya ko biyu. Daga baya aka ƙara si, aka kuma mai da ut ya zama do.

Abin da ke bisa takardar

Takardar kiɗa abu biyu take faɗi: wane sauti za a busa, kuma har tsawon wane lokaci. Ana ja layi biyar a jere, da fili huɗu a tsakaninsu, kamar tsani. Alamar da ke ƙasa sautinta mai kauri ne, in ta hau sama sautin ya ƙara siriri. A farkon tsanin akwai mabuɗi. Mabuɗin sol yana nuna cewa layi na biyu daga ƙasa shi ne sol, daga nan a ƙirga saura. Mabuɗin fa kuwa, na kayan busa masu babbar murya irin su turombon, yana ajiye fa bisa layi na huɗu.

Tsawon lokaci kuma siffar alamar ke nuna shi. Kamar yadda makarantar allo ke da babbaƙu da farfaru, haka nan ma akwai baƙa da fara. Baƙa mai sanda bugu ɗaya ce. Fara mai sanda bugu biyu. Farar da ba ta da sanda, mai kama da zobe, bugu huɗu. Baƙa mai ƙugiya a kan sandarta rabin bugu. Kowace kuma tana da alamar shirunta mai tsawo daidai da ita. Ana yanka tsanin ɗaki-ɗaki da layin tsaye, lambobin da ke kusa da mabuɗi su faɗi yawan bugun da kowane ɗaki zai ɗauka.

Duk wannan ana iya bayyana shi cikin rabin awa, kuma a nan tarkon yake. Mushe ya cika allo da alamomi, yara su kwafe cikin kaye, su hardace sunaye, mako ya bi mako ba wanda ya ji sautin abin da yake rubutawa. In an tambayi yaro sunan alama ya faɗa, in an ce ya rera ta ya yi tsuru-tsuru.

Sauti tukuna, alama daga baya

Waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci sun san wannan magana fiye da kowa. Dattijon da ya zauna gaban allo ya shekara arba'in yana faɗin "gero" kafin a nuna masa yadda ake rubuta shi. Da ya gane harufan sai murna ta kama shi, domin ya tarar da abin da ya sani ne aka ajiye masa bisa allo. Da a ce an soma shi da harshen da ba ya ji, da ya haɗa baƙaƙen ya furta, amma bai karanta kome ba.

Haka kiɗa yake. Alama tana tuna wa mutum sautin da ya riga ya zauna cikin kunnensa. Malaman tarbiyya sun daɗe da tsai da wannan ƙa'ida. Pestalozzi, mutumin Suwis da ya rasu a 1827, ya koyar da cewa a nuna wa yaro abu kafin a ba shi sunansa. Lowell Mason, wanda ya shigar da darasin waƙa cikin makarantun gwamnati na birnin Boston a Amurka a 1838, bisa wannan ya gina aikinsa: a koyar da sauti kafin alama. A ƙasar Hangari kuwa Zoltan Kodaly, wanda ya rasu a 1967, ya ƙara da cewa a soma da murya, kuma a soma da waƙoƙin da yaro ya ji a gidansu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa tsarinsa cikin kyawawan hanyoyin kiyaye al'adun gado.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai kalangu in zai koya wa yaronsa take, da baki yake faɗa masa maganar da gangar ke yi, yaron ya maimaita har ta zauna, sa'an nan hannu ya bi. Kakaki da sautinsa biyu kirari yake faɗi, kuma mai busa shi ya san kalmomin kafin ya ɗora leɓe. Jerin dai ɗaya ne: a ji, a faɗa da baki, a buga ko a busa. Abin da malamin badujala zai ƙara shi ne mataki na huɗu da na biyar, wato a gani a rubuce, kuma a rubuta da hannu.

Awon lokaci da kalmomin Hausa

An fi so a soma da awon lokaci, ƙaho yana ajiye. Yara su tashi tsaye su taka ƙafa, hagu, dama, kamar masu maci, har taki ya daidaita. Kiɗan maci yakan tafi wajen taki 120 a minti ɗaya, wato biyu cikin daƙiƙa, amma sabon shiga da rabin wannan saurin za a fara masa. Sauri ya haifi nawa.

A Faransa, cikin ƙarni na 19, Aimé Paris ya ƙago wa kowane tsawo sunan da ake furtawa: baƙa "ta", masu ƙugiya biyu "ta-te", in an raba bugu huɗu "ta-fa-te-fe". Dabara ce mai kyau, kuma ta bazu ƙasashe da yawa. Amma Bahaushe yana da irinta cikin bakinsa, domin harshen Hausa ya bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma bisa wannan bambanci mawaƙan baka da marubuta waƙa ke auna baitocinsu. Waɗanda suka yi karatu da tsohuwar ƙa'idar rubutu, wadda aka tsai da a taron Bamako na 1966, sun tuna yadda ake ninka wasali mai tsawo don a raba shi da gajere.

Ga misali. "Zo" gaɓa ce mai nauyi, ta cika bugu ɗaya, ita ce baƙa. "Shiga" gaɓa biyu ce marasa nauyi, sun raba bugu ɗaya tsakaninsu, su ne masu ƙugiya biyu. In yara suna taki suna cewa "zo, shiga, zo, fita", sun cika ɗaki mai bugu huɗu daidai. In sun ce "doki, maza-maza", nan ma ɗaki ya cika: baƙa biyu, masu ƙugiya huɗu. Kalmar "gida" kuwa gajere ne a gaba, dogo a baya, irin ɗingishin nan da ke wahal da ɗalibai cikin littafi, alhali kullum yana bakinsu. Sai sun faɗa sun tafa, har mai kuskure ya ji kuskurensa da kansa, sa'an nan mushe zai ɗauki alli ya ce: abin nan da kuka faɗa, ga yadda ake rubuta shi.

Lissafin ɗaki kuma da kuɗi ake saurin gane shi. A ce baƙa dala 10 ce, fara dala 20, zobe dala 40, mai ƙugiya dala 5. Kowane ɗaki mai bugu huɗu dala 40 yake karɓa, ko da wace irin canji aka biya. Yaron da aka taɓa aike kasuwa ba zai yarda a ba shi dala 35 a ce ta cika ba. A nuna masa kuma cewa shiru ma kuɗi ne, ana ƙirga shi. Yawancin ɓarnar da ake ji wurin sababbin ƙungiyoyi daga wurin shiru take fitowa, inda wani ya gaji da jira ya shigo kafin lokacinsa.

Hawa da saukar sauti

In awo ya zauna sai a koma ga tsani. Kowa yana ɗauke da nasa: a buɗe tafin hannu a kwance, yatsu biyar layi biyar ne, tsakaninsu fili huɗu. Mushe ya rera sauti biyu, yara su maimaita, su faɗi wanne ya fi tsawo sama. Daga biyu a koma uku, daga uku a kai biyar: do, re, mi, fa, sol. Da waɗannan biyar ana iya busa ƙananan waƙoƙi masu yawa, ba a bukatar a ƙara na shida sai sun zauna. Dokar aji ita ce, abin da yaro bai iya rerawa ba kada ya busa shi.

Dalilin dokar yana cikin ƙahon kansa. Begila ba ta da maɓalli ko ɗaya, amma ana fitar da sauti biyar daga cikinta, do, sol, do, mi, sol, da leɓe da iska kawai. Turompet tana da maɓalli uku. Do na ƙasa ba a danna kome. Re a danna na ɗaya da na uku, mi na ɗaya da na biyu, fa na ɗaya kaɗai. Sol kuma ba a danna kome, daidai da do. Ke nan yatsu ba su isa su raba do da sol ba. Sai yaro ya ji sautin a ransa tukuna leɓensa zai neme shi.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne yawa. Don a sauƙaƙa wa yaro, sai a rubuta masa lambar maɓalli ƙarƙashin kowace alama, ko sunanta. Ranar farko abin yana tafiya lafiya lau. Amma ido ya fi son sauƙi, sai ya bar alamar ya koma bin lamba. Bayan shekara guda, in an ba yaron takardar da ba a yi wa lamba ba, sai ya tsaya cik. Lambar ba ta faɗa masa tsawo ba, ba ta faɗa masa do ne ko sol ba. In ya zama dole a rubuta, a yi da fensir, ga sabuwar alama kaɗai, a goge bayan kwana biyu.

Akwai kuma abin da ke rikita sabon malami. Kayan busa ba su da do ɗaya. In mai turompet ko mai kilarinet ya busa do ɗinsa, abin da ke fita si bemol ne. In mai saksofon alto ya busa nasa, mi bemol ne ke fita. Don su haɗu bisa sauti guda, sai mai turompet ya karanta do, mai saksofon alto ya karanta sol, mai turombon ya karanta si bemol. Mushen da ya rubuta do bisa allo ya ce kowa ya busa, zai ji hayaniya ya zaci yaran ne ba su iya ba. Maganin shi ne a rera tare, amma wajen busa kowane rukuni a rubuta masa nasa layi.

Yadda darasi zai tafi

Darasin minti arba'in da biyar ana iya raba shi haka. Minti biyar na taki da tafi. Minti goma na kwaikwayo, mushe ya busa gajeriyar magana yara su mayar masa, ba takarda. Minti goma na karatun allo da baki. Minti goma sha biyar na busa abin da aka karanta. Minti biyar na ƙarshe kuwa na shifta ne: mushe ya tafa ko ya busa ɗaki biyu, yara su rubuta. Kada a raina shiftar nan, domin wanda ya rubuta abu da hannunsa ya fi wanda ya gani kawai riƙe shi. Karatu kaɗan kowace rana ya fi mai yawa sau ɗaya a mako.

Inda kayan busa ba su ishi kowa ba, ba a rasa aikin yi. A raba aji uku: waɗansu suna busa, waɗansu suna rera sunayen alamomi, waɗansu suna tafa awo, sa'an nan a juya. Masu ganga kada a bar su a baya da cewa su duka kawai suke yi. Su ma su karanta, su rera, gama su ne ke riƙe da takin kowa.

In an kawo sabuwar waƙa, kafin a ɗaga ƙaho a duba mabuɗi, a duba lambar ɗaki, a nemi wuraren shiru da inda ake komawa baya. A tafa ta, a rera ta, a bi ta da yatsu ba iska, sa'an nan a busa. Da an soma kuma ba tsayawa. Wanda ya ɓata ya ci gaba da ƙirga a ransa, ya kama jama'a a ɗaki na gaba, domin ranar defile ba wanda zai tsai da sahu don mutum ɗaya. Kuma kowane mako a ba su ɗan layin da ba su taɓa ji ba. Yaro mai kaifin kunne yana iya hardace waƙa daga bakin na kusa da shi, ya zuba wa takarda ido kamar mai karatu. Sabon layi ne kaɗai ke tona wannan.

Kada takarda ta kashe kunne

Da sauran magana ɗaya. Rubutun nan an tsara shi ne domin kiɗan Turai, bai iya ɗaukar duk abin da ke cikin namu. Lanƙwasar algaita, da yadda kalangu ke matse murya ya sake ta, ba su da wurin zama sosai bisa layi biyar. Takarda tana riƙe ƙashin waƙa, naman kuwa wurin masu ita ake samo shi. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya koyar a cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989, da ya so ya ceci biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, sai da ya tafi bakin tafkin Cadi a 2002 ya zauna gaban tsohon da ya rage da saninsa, Bukar Tar. Abin da ke hannun mutum ɗaya yana iya tafiya tare da shi, kuma wannan ya isa dalilin da za a so ƴaƴanmu su riƙe hanya biyun duka.

Saboda haka malamin badujala ya ajiye lokacin busa da ka, ya bar yara su nemo waƙoƙin dandali da na biki bisa ƙahonsu, sa'an nan ya taimake su su rubuta abin da suka samo. Yaron da ya ga waƙar kakarsa a rubuce da hannunsa ba zai sake ɗaukar takardar kiɗa abin baƙi ba.

Ga shugabanni kuwa, abin da aikin ke nema bai taka kara ya karya ba: allon da aka ja wa layi biyar da fenti, alli, kaye, da malamin da aka horar aka kuma ba shi lokaci. Lokacin shi ya fi wuyar samu. Sau da yawa ba a tuna da badujala sai bikin 18 ga Disamba ya matso, a ce cikin mako uku a shirya waƙa biyar. Dole mushe ya koma ga harda da lambar maɓalli, biki ya wuce, baɗi a sake komawa farko. In an bar shi ya yi wata uku na farkon shekara yana kafa karatu, waƙoƙin biki za su zo da sauƙi, bana da baɗi da shekarun da ke biye. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba ɗalibai naciya.